Godiya bayan kare kundin digirina na uku

Alhamdu lillahi, ranar Talatar da ta wuce na kare kundina a nan Jamus, an kuma sallame ni lafiya. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi godiya a bainar jama'a.

Masu tambayar me na shekara huɗu ina yi, Hajiyarmu ta riga ta ba da amsa: "Yaɓe ya tafi koya a ƙasar Turawa." Kuma gaskiyarta. Zafin iskar da ke dukan fuka-fukan cikin injin jirgin sama ya wuce wanda ke narkar da ƙarfen da aka ƙera su da shi. Abin da ke cetonsu shi ne iskar sanyaya da ke fita ta ƙananan huduji, sai kuma wani siririn yaɓen tangaran na zirkoniya (wani sinadari mai jure zafi), kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Yashi ne ajalinsa. Mai tsakuwa yana kankare shi a hankali. Ƙura mai laushi kuwa ta fi mugunta: zafi na kai wajen digiri 1,200 a ma'aunin Celsius sai ta narke kamar ruwan gilashi, ta tsiyaya cikin tsagogin yaɓen, injin na hucewa ta daskare, yaɓen ya ɓamɓare. Aikina shi ne gwada wani shafe na sama mai gadoliniyam (wani nau'in ƙarfe), wanda ke haɗuwa da narkakkiyar ƙurar ya toshe mata hanya.

Godiya ta musamman ga ƙanena. Da hunturu ya kankama, shi ya hau kwanon rufin gidanmu a Kano da burushin fenti, ya tara mini, don gwajina, ƙurar nan da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, ya cika kwalbar man shafawa. Maƙwabta har sun fara yi masa kallon mai taɓin hankali. Autan Hajiya, Allah Ya yi maka albarka.

Sai dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu. A shekara ta uku na'urar daidaita zafin tanderu ta lalace cikin dare, da safe na tarar da aikin wata bakwai ya zama tamkar ƙanzon tukunya. Na zauna a ƙasa, wallahi har na fara duba kuɗin tikitin gida. Bawan Allahn nan bai ce mini uffan ba, ya miƙo mini shayi, ya kuma ba ni Asabar ɗinsa har shida muka sake komai.

Malamina da ya yi ta mayar mini da babi na huɗu jajur da biro, na yafe, na gode. Mai ɗakina, haƙurinki Allah kaɗai zai biya. Baba bai ga wannan rana ba. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Ina nan tafe bayan ƙaramar Sallah in Allah Ya yarda. Hajiya ta ce katangar bayan gida na jiran gwani.