Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar Sanƙarau

A makon jiya na tsaya a inda aka tura ni ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a cikin birnin Katsina, ƙarƙashin wani dattijo da dukanmu muke kira Malam. Ban daɗe a hannunsa ba shekarar 1996 ta kama, wadda sanƙarau ya kwantar da mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000, har Saudiyya ta hana alhazanmu zuwa aikin Hajji a wannan shekarar.

Tun daga ƙarshen hunturu ake kawo mana yara daga wajen Jibiya da Mani da Batsari, wuya a sandare, jiki zafi rau, ba sa ƙaunar haske. Likita yakan soka allura a gadon bayan yaro ya ɗebo ruwan laka, a miƙo mana a ƙaramar kwalba. Ruwan mai lafiya garai yake kamar ruwan sama, amma wanda ake kawo mana a gurɓace yake, saboda fararen ƙwayoyin jini sun cika shi wajen yaƙi da cutar. Sai mu shafa shi a gilashi, mu rina shi bisa hanyar da wani masanin kimiyya, Hans Christian Gram, ya fito da ita a 1884, wadda take raba bakteriya gida biyu gwargwadon kaurin bangon jikinsu: masu kauri su riƙe shuɗin rini, marasa kauri su sake shi su koma ja. A madubin gwaji ƙwayar sanƙarau, wato Neisseria meningitidis, ja take fitowa, biyu-biyu suna fuskantar juna, sau da yawa a cikin fararen ƙwayoyin da suka haɗiye su.

Wata rana na ce, "Malam, daga ina wannan abu yake fitowa, alhali gidajen yaran nan ba mara lafiya?"

Ya ce, "Ɗana, daga maƙogwaron masu lafiya."

Wannan amsa ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk abin da na koya. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ƙwayar a bayan hancinsa ba tare da ko ciwon kai ba, yana kuma watsa ta ta hanyar tari da atishawa. Idan busasshiyar iska da ƙura suka tsattsage fatar cikin hanci, mutane kuma suka cunkushe a ɗaki guda aka rufe tagogi, sai ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, daga nan ta isa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Shi ya sa damina na faɗuwa annobar ke lafawa.

Abin da har yau yake sosa mini zuciya shi ne jinkiri. Bakteriya tana rabuwa gida biyu ne, biyun su zama huɗu, saboda haka yaron da aka kwana da shi a gida ana jiran gari ya waye yana iya rasuwa cikin awa 24, ko ya tashi da kurumta, alhali allurar kuloramfenikol mai mai, wato maganin kashe bakteriya da ake yi a lokacin, tana ceto da yawa daga waɗanda aka kawo da wuri.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda aka ɗauke ni daga ɗakin gwaji aka haɗa ni da ayarin masu allurar rigakafi zuwa ƙauyukan Daura.