Wasali ɗaya da ya rushe mini furojet ɗin ajin ƙarshe

Har yau idan na ji wani ya ce "garinmu", sai kunnena ya tsaya a kan "ga" ɗin nan, in ji ko ya ja shi ko bai ja ba. Shekara biyu ke nan da na gama digiri a sashen nazarin wasan kwaikwayo, na je bautar ƙasa na dawo, amma daren da aka nuna furojet ɗina bai bar ni ba.

Ba zan tsaya a kan yadda na shawo kan mahaifina ba. Duk 'yar Hausa da ta cike wannan kwas ta sha tambayar nan ta "'yar fim za ki zama?", kuma kowa da yadda ta amsa. Aji ɗaya zuwa aji uku ma sun wuce mini lafiya. Mun karanta masana wasan kwaikwayo irin su Stanislavski da Brecht da Augusto Boal, mun shafa fenti, mun ɗaura fitilu, mun kwana a ɗakin rihasal sauro na cin ƙafafunmu. Ina cikin waɗanda malamai ke kira idan ana son misali. Wataƙila wannan ne ya sa kunnena ya toshe a lokacin da na fi bukatar sa.

A aji huɗu kowa zai shirya wasa ya ba da umarni da kansa, a zo a kalla, a ba shi maki. Yawancin 'yan ajinmu sun ɗauki rubutattun wasannin da aka sani. Ni na ce wasa mai waƙa zan yi, kuma da Hausa. Na riga na kalli guntayen bidiyon Saro, wasa mai waƙa wanda Bolanle Austen-Peters ta fara nunawa a Legas a 2013, da Wakaa da ta kai Landan a 2016, abin ya tsaya mini a rai. A aji kuma an koya mana Hubert Ogunde da Duro Ladipo, yadda suka ɗora labari a kan waƙa da gangunan Yarbawa har wasan Ladipo mai suna Oba Koso ya je bikin Berlin a 1964. Na ce mu me ya hana mu? Mu da muka tashi da tashe, daga goma ga azumi yara na bin gida gida da Jatau mai magani da Tsoho da gemu, suna waƙa suna kwaikwayo a lokaci guda, ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Labarin na gwaggona ne. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyensu a Zamfara, ta zo gidanmu da jikoki biyu da ƙullin kaya ɗaya. Wata takwas muna kwana ɗaki ɗaya, tana ba ni labarin rijiyarsu da kukar da ke bakin kasuwa da wanda ya gudu da wanda bai samu gudu ba. Daga bakinta na tsinci wasan. Tsakiyarsa waƙa ce da uwar gida ke yi bayan an ƙone rumbuna, gindinta layi biyu:

Garinmu ya watse,
Wa zai tattara mana?

A takarda babu abin da ke damun wannan layi. Karanta shi ka gani. Matsalar ta shigo ne daga karin da na ɗora shi a kai. Ni na tsara karin, kuma kunnena a lokacin cike yake da waƙoƙin dandamalin Amurka da nake saurara dare da rana. A irin waɗannan waƙoƙi mawaƙiya kan buɗe layi da dogon sauti, ta riƙe shi har zuciyar mai sauraro ta motsa, domin a Turanci jan wasali a waƙa ba ya cika sauya kalma. Sai na ɗora wannan dogon sauti a kan "ga". Bugu uku cur ake riƙe shi.

To a Hausa "gari" mai gajeren wasali shi ne inda mutane ke zaune. Idan ka ja wasalin, ka koma garin tuwo. Karin sautinsu ɗaya ne, tsawon wasalin nan kaɗai ya raba su, kuma rubutun boko ba ya nuna shi. Abin da na rubuta kukan mutanen da aka raba da gidajensu ne. Abin da ke fita daga bakin mawaƙiyata kuwa, garin tuwonmu ya zube, wa zai tattara mana.

Kuma an gaya mini. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, an gaya mini tun da sauran lokaci.

A sashenmu akwai wani dattijo makaɗi da ke kaɗa wa 'yan kwas ɗin rawa kalangu, kowa Baba yake ce masa. Ban sa shi a wasana ba, don na riga na yanke cewa kiɗan fiyano zan yi amfani da shi, irin na situdiyo, in ji abin ya yi kama da na zamani. Ranar wata Laraba, mako na biyu da fara rihasal, yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran tsarkiyar kalangunsa muna maimaita waƙar. Da muka tsaya shan ruwa ya yafito ni.

Ya ce, "'Yata, gari nawa kika zubar?"

Na ce, "Baba, ban gane ba."

Bai yi dariya ba. Ya saƙala kalangun a hammata, ya ɗauki gula ya kaɗa mini kalmar sau biyu, ta farko a guntule, ta biyu ya sassauta ya bar ta ta ja. Sannan ya karɓi birona ya juya bayan takardar wasan ya rubuta su da ajami, ɗaya babu alif, ɗaya da alif bayan harafin farko. Ya ɗora yatsa a kan mai alif ɗin ya ce, "Wannan kuke rerawa. Ki ce ƙauyenmu, gaɓar farko mai nauyi ce, za ta ɗauki jan. Ko ki sa wayyo a gaba, ki bar ga ɗin ya wuce da sauri."

Kalma ɗaya ce gyaran. Na yi masa godiya, na koma ciki, ban canza komai ba.

Dalilina a lokacin kuɗi ne. Tun kafin a fara rihasal na kwashe abin da na tara na wata huɗu, da wanda yayana ya ƙara mini, na kai situdiyo aka buga kiɗan gaba ɗaya, har da muryoyin 'yan amshi a ciki, don in huta da neman masu murya da yawa. "Gaaarinmu" na nan a naɗe cikin faifan sau goma sha biyu. Canza kalmar na nufin a sake tara 'yan amshi, a sake biyan situdiyo. Sai na ce wa kaina ai labarin zai nuna, wa zai ga an ƙone rumbu ana kuka sannan ya tuna da tuwo? Yanzu na san ba kuɗin ne kaɗai ba. Akwai wani abu a zuciyata da ke ganin ni ce mai karatun jami'a, shi kuwa makaɗi ne. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka abin yake.

Za a ce to sauran 'yan wasan fa, ba su ji ba? Yawancinsu ba Hausawa ba ne. Wadda ta fito a uwar gida 'yar Binuwai ce, muryarta ta horu a ƙungiyar mawaƙan coci, ta haddace Hausar layi layi kamar yadda na furta mata, da amana. Mu 'yan Hausan da ke ciki mun san labarin, don haka kunnenmu abin da muke tsammani yake ji. Wata yarinya 'yar aji biyu ta taɓa ƙyalƙyalewa a makon farko, na daka mata tsawa na ce nan ba wurin wasa ba ne. Ba ta ƙara ba, kuma ban tambaye ta abin da ya ba ta dariya ba.

Daren wasan zauren ya cika. Ɗalibai, masu shara da masu gadi da muka gayyata, matan da ke sayar da abinci a bayan sashe, malamai a layin gaba tare da mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a. Gwaggo na zaune a layi na biyu da sabon mayafin da na saya mata. Minti ashirin na farko sun tafi yadda nake so, har na ji zauren ya yi tsit lokacin da aka kashe fitilu aka bar ja guda ɗaya a kan rumbun. Uwar gida ta durƙusa, kiɗa ya tashi, ta buɗe baki ta riƙe "ga" ɗin nan da dukkan ƙarfinta.

A karo na farko wani ɗan gunaguni na ji daga baya. A na biyu, da ta kai "wa zai tattara mana", wata mata ta tuntsire. A na uku wani saurayi ya ɗaga murya ya ce, "A kawo tsintsiya!" Shi ke nan zauren ya ɓarke.

Ba na ganin laifinsu. Bahaushe ya san 'yan kama, masu ɗaukar maganar malamai ko waƙar manya su juya ta ta koma zancen tuwo da miya. Abin da kunnensu ya gaya musu ke nan, cewa an zo wurin ban dariya. Sun bi al'adar da suka sani, ni ce na kauce mata.

Da Baba ne ke kiɗa a wurin, da ya ga abin da ke faruwa ya yanke, ko ya sauya kari ya ja ta zuwa baiti na gaba. Faifai ba ya ganin fuskar mutane. Haka ya ci gaba da zubo amshin, saura sau tara, kuma kowanne dariyar sai ta ƙaru. Ina tsaye a bayan labule hannuna na rawa, na kasa ce wa mai na'ura ya kashe. Mawaƙiyata na durƙushe a tsakiyar dandamali, ba ta san me ta yi ba, tana waƙa hawaye na zuba na gaske, tana duban inda nake. Har ta gama ba ta tsaya ba. Na ba ta haƙuri a daren, na sake ba ta bayan mako guda, amma har yanzu ina jin bashinta a kaina, domin ta amince da ni ne na tura ta gaban mutane da kalmar da aka riga aka gaya mini ba daidai ba ce.

Bayan an tashi mai jarrabawa ya tambaye ni a natse me ya sa mutane suka yi dariya a wurin da ya ɗauka nan ne zuciyar wasan. Na yi masa bayani. Ya tambaya ko wani ya lura kafin yau. Na ce eh. Ya rubuta wani abu. C na samu a kwas mai yuniti shida, kuma shi ya sauko da ni daga matakin digiri na 2:1 da nake riƙe da shi tun aji biyu zuwa 2:2. Ban ce an zalunce ni ba.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. A Keke Napep muna komawa gida ta kama hannuna ta ce, "Ba komai, 'yar nan, ni na gane abin da kike nufi." Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ga wanda ke wannan karatu yanzu kuma yake son ya yi wasa mai waƙa da Hausa, kada ka taka situdiyo sai 'yan wasanka sun yi makonni suna rera waƙar da baki a kan dandamali. Abin da ka naɗa ya zama dutse, kuma kuɗin da ka kashe zai riƙa yi maka gardama da duk mai son gyara maka. Ka nemi wanda bai san labarinka ba sam, mai sayar da ƙosai ko mai gadi, a rera masa, ka ce ya faɗa maka abin da ya ji, ba abin da ya fahimta ba. A takardar rihasal ka rubuta dogon wasali da harafi biyu, ko da ba haka ƙa'idar rubutu ta ce ba, musamman idan masu rerawa ba Hausawa ba ne. Ba gari kaɗai ke da wannan tarko ba. Mata ɗaya da mata da yawa, wuyan jiki da wuyar rayuwa, kukan ido da kukar miya, su kuma karin sauti ne ke raba su, kuma karin waƙar da aka aro daga waje yana iya hawa inda ya kamata a sauka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sashen Hausa na nan kusa da namu, tafiyar minti biyar, ana koyar da gaɓa mai nauyi da mara nauyi da aruli da karin waƙar baka, kuma shekara huɗu ban taɓa ɗaukar kwas ɗaya a can ba. Ina ganin Hausa ai tawa ce, me za a koya mini? Na san yadda Brecht ke amfani da waƙa ya katse tausayin mai kallo, amma ban taɓa zama na saurari yadda Shata ko Ɗanƙwairo ke ajiye doguwar gaɓa daidai inda kiɗa ke da wurin ta ba. Idan jami'arku na ba da damar ɗaukar kwas daga wani sashe, wannan ka fara ɗauka. Kuma makaɗin sashenku, ka sa shi a wasan tun ranar farko, ka zaunar da shi kusa da kai.

A Zariya, inda Michael Etherton da abokan aikinsa suka kafa karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a tsakiyar shekarun 1970, har gidan wasan da ƙasa aka gina shi irin ginin Hausawa, kuma an san su da fita da ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka su yi wasa a gaban mutanen da labarin ya shafa. Na karanta wannan na rubuta shi a jarrabawa na ci maki. Ban gane amfaninsa ba sai da tsintsiyar nan ta faɗo mini.

Bayan mun gama jarrabawar ƙarshe na je na samu Baba a inda yake zama. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, ka gaya mini." Ya ce, "Na gaya miki. Yanzu kawo takardar." Kwana tara muka yi muna bin waƙoƙin wasan layi layi, yana kaɗawa ina rerawa, ya tsinto wasu wurare huɗu da na karya kalma ban sani ba. Muka sake nuna wasan a tsakar gidan wata makarantar firamare, babu fitila babu faifai, kalangu ɗaya da 'yan amshi biyar, babu maki kuma. 'Yar Binuwai ta yarda ta dawo, abin da ban yi tsammani ba. Da ta ce "ƙauyenmu ya watse" ta riƙe "ƙau" ɗin, wata tsohuwa a gefe ta ja mayafi ta rufe fuska.

Gwaggo ba ta ga wannan ba, ta riga ta koma Gusau wurin ɗanta. Na ɗauka a waya na tura mata. Bayan kwana biyu ta aiko da saƙon murya, ta sa mini albarka, sannan ta ce sunan rijiyarsu da na ambata a baiti na uku ba haka ake faɗarsa ba, wasalin farko gajere ne. Na ɗauko takardar na gyara.