Kafin ka cike fom ɗin injiniyan lantarki a poli ta jiha

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, yara da dama da suka sa ran karanta injiniya a jami'a sukan koma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiharsu suna jin an ƙwace musu wani abu. Wannan tunanin shi ne yake fara kayar da ɗalibi, domin wanda ya shiga poli yana ganin wurin jiran jami'a ne ba ya ba ɗakin firatikal haƙƙinsa, alhali a nan ne duk amfanin karatun yake. Kwas ɗin fasahar injiniya an tsara shi ne don ya fitar da mutumin da zai karanta zane, ya haɗa, ya auna, ya gano inda matsala take, ya gyara. Zan yi bayani da sashen lantarki, amma yawancin abin da zan faɗa ya shafi na kanikanci da na gine-gine.

Kafin ka biya ko sisi, ka bincika ko hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ta amince da ainihin kwas ɗin da kake so a makarantar da kake so. Amincewar kwas-kwas ake bayarwa. Makaranta tana iya samun ta a difloma ta ƙasa, wato ND, ba ta samu a babbar difloma ta HND ba. Haka kuma akwai diflomar da makaranta ke bayarwa da sunanta kawai, wadda ba ND ba ce, kuma sau da yawa ɗalibi ba ya gane bambancin sai ya je neman HND an mayar masa da takardunsa. Ko a Kano ne, ko Nuhu Bamalli a Zariya, ko Hassan Usman a Katsina, ko Ramat a Maiduguri, tambayar ɗaya ce. Ka kuma tabbata gurbinka ya biyo ta manhajar CAPS ta JAMB ka karɓa a can, saboda ranar neman bautar ƙasa za a duba sunanka. Ana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, daga WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama bai wuce biyu ba.

Tafiyar shekara biyar ce: biyu a ND, ɗaya ta aikin koyon sana'a a masana'anta, biyu a HND. A tsakanin shekarar farko da ta biyu kuma akwai SIWES, wato horon ɗalibai a wurin aiki, na kimanin wata huɗu.

Lissafin maki abu ne da ya kamata ɗalibi ya sani tun makon farko, amma yawanci sai an makara ake saninsa. Ma'aunin 4.00 ne. Maki 40 ya isa a ce ka ci kwas, amma 2.00 kawai yake ba ka. Maki 50 zuwa 54 yana ba da 2.50, sai 75 zuwa sama ne ke ba da 4.00. Shiga HND kuwa yana son aƙalla 2.50, abin da ake kira Lower Credit. Ka ga ke nan mutum yana iya gama ND bai faɗi ko kwas ɗaya ba, amma ya fita da Pass, ƙofar HND ta yi masa ƙunci. Kuma tunda ana ninka makin da yawan yunit na kwas, raunin da ka yi a kwas mai yunit 4 ya ninka na mai yunit 2 ciwo. Zangon farko ne ke yanke hukunci: aljebra da tirigonometiri, zanen fasaha, da tushen ilimin lantarki. Zane musamman yana kayar da masu ƙwaƙwalwa, domin ba a haddace shi. Ka mallaki allon zane, da T-sukwaya, da set-sukwaya biyu (mai digiri 45 da mai 30 da 60), da fensir 2H na layin shimfiɗa da HB na layin ƙarshe. Mai aron kayan zane ranar ƙarshe kullum aikinsa da datti yake fita, kuma malami yana cire maki a kan kaurin layi da tsabta.

Ɗakin firatikal a makarantun jiha yakan cika. Za a raba ku rukuni, wani lokaci mutum goma a kan na'ura ɗaya, biyu su yi aikin, sauran su kwafi rahoto. Kada ka yarda ka zama cikin masu kwafi. Ka sayi mita taka ta awo, da ƙarfen soda mai wat 30 zuwa 40, da darma, da burodbod, da filaya da abun-yanka-waya, ka maimaita kowane gwaji a ɗakinka. Kuskuren da kusan kowa ke yi da mita shi ne ya bar jar waya a ramin amfiya sannan ya je auna boltej. A wannan yanayin mitar tamkar guntuwar waya ce, nan take fis ɗinta zai ƙone, idan kuma mai arha ce marar fis ita kanta za ta tafi. Boltej ana auna shi ne a gefe da gefen abu, karan kuwa, wato wutar da ke gudana ta cikin waya, sai ka yanke layin ka sa mitar a tsakani.

Ɗauki aikin da ba ɗalibin ND da zai tsallake shi: haɗa abin da ke mayar da wutar gida zuwa bolt 5 tsayayye. Taransifoma mai fitar da bolt 12, dayod 1N4007 guda huɗu, kafasita, da regiyuleta 7805. A takarda abu ne mai sauƙi. Sai dai bolt 12 ɗin da aka rubuta a jikin taransifoma ba shi ne ƙololuwa ba. Ka ninka shi da 1.414 ka samu kusan 17, ka cire kamar 1.4 da dayod biyun da ke aiki a kowane lokaci ke ci, ya rage 15.6 a kan kafasita, kuma ya fi haka idan babu lodi. Wanda ya sa kafasita mai bolt 16 ya sa ta a bakin iyakarta, mai 25 ya kamata. Idan ka juya ƙafafunta kuwa za ta kumbura ta fashe, don haka ka duba layin da ke jikinta, shi ne ɓangaren nagatib. Girmanta ma lissafi ne: wutarmu hez 50 ce, bayan dayod ta zama 100, saboda haka a rabin amfiya, kafasita mai maikirofarad 2200 za ta bar kaɗawar kusan bolt 2.3. Sannan zafi. Bambancin 15.6 da 5, a ninka da rabin amfiya, ya haura wat 5, kuma duk a jikin 7805 zai zama zafi. Ba tare da ƙarfen sanyaya ba za ta yi ta kashe kanta, ɗalibi ya yi ta canza ta yana cewa jabu aka sayar masa. Taransifoma mai bolt 9 ya rage matsalar tun daga tushe. Wanda ya fahimci wannan ƙaramin aikin da hannunsa ya riga ya kama hanyar gyaran caja da inbata da kayan sola.

Shi ya sa sayen firojet a kasuwa yake ba ni takaici ƙwarai. Ɗalibi ya biya wani ya haɗa masa, ranar kare aiki a tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan kafasitar ya yi shiru. Ko ya tsallake, ya yar da dama ɗaya tilo da aka ba shi ya tsara abu daga farko har ƙarshe da malami a kusa.

SIWES, wanda hukumar asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta ƙirƙiro a 1973, shi ma haka ake wasa da shi. Da yawa suna neman ofishin da za a buga musu hatimi a logbuk su koma gida. Ka fara neman wuri tun zango na biyu bai yi nisa ba, kuma ka zaɓi inda za a ba ka sukundireba a hannu: wurin naɗin motar lantarki mai fes uku, wato injin da wuta ke juyawa, kamfanin raba wuta, masu haɗa sola, ko injin casar shinkafa mai sashen gyara. A irin wuraren nan ne za ka ga dalilin da ya sa ake tayar da babbar motar lantarki da sita-delta, wato a fara haɗa naɗinta a tsarin sita sannan a mayar da shi tsarin delta. Idan aka ba ta wuta kai tsaye tana jan karan ninki biyar zuwa bakwai, a sita kuwa kashi ɗaya cikin uku na hakan take ja, kuma idan babu makullin da ke hana kontakta biyun, na sita da na delta, kamawa lokaci guda, layukan bolt 415 za su haɗu. A can za ka ga waya mai kaurin milimita sukwaya 1.5 a layin fitila, mai 2.5 a soket, da abin da ke faruwa idan mai gida ya matsa a sa siririya don ragin kuɗi. Ka cike logbuk kullum da zane da alƙaluman da ka auna, ka tabbata an sa hannu a fom na 8 na ITF kafin ka bar wurin.

Game da abin da takardar za ta ba ka, gara ka sani tun yanzu. Hukumar COREN, mai kula da aikin injiniya a Najeriya, tana yi wa mai ND rajista a matsayin teknishiyan, mai HND a matsayin teknolojis. Mai son rajistar cikakken injiniya sai ya ƙara da PGD, wato diflomar gaba da HND, a jami'ar da aka amince da kwas ɗinta, ko kuma ya ɗauki ND mai kyau ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Bambancin da ake nuna wa masu HND a aikin gwamnati tsohuwar magana ce da ba ta mutu ba. Idan burinka zama cikakken injiniya ne, ka tsara hanyarka tun kana ND 1, domin jami'o'i da dama Upper Credit suke nema, wato 3.00 zuwa sama. A HND za a ce ka zaɓi ɓangare, ko wuta da injuna, ko ilektironik da sadarwa, kuma wurin da ka yi shekararka ta masana'anta ya kamata ya zama a ɓangaren da za ka zaɓa.