Noti takwas da ban koma na ɗaure ba

Takardar da ta zo cikin kwalin kayan ɗaga mota tana nan har yau a aljihun gaban motar, duk ta sha baƙin mai. A can ƙasanta akwai layi guda da ke cewa a koma a sake ɗaure notunan yubol, ƙarafan nan masu siffar U da ke matse sifirin baya a jikin aksil, bayan tafiyar kilomita 500. Ba zan ce ban gani ba. Da bakina na karanta wa ƙanena, har na ce masa ya tuna mini. Shi bai tuna ba, ni ma na sha'afa, sai da hanyar gona ta tuna mana, ga buhun taki 14 a baya, ga hadari ya haɗo daga gabas.

Motar Hilux ce ta 2012, mai shan gas, mai jan taya huɗu. Ina zaune a Zariya, gonar masarata kuma tana can bayan Saminaka. Matsalar ba titin kwalta ba ne, ɗan guntun da ke tsakanin kwalta da gona ne. Da damina tarakta da manyan motoci kan ƙwaƙule gefe biyu su bar tudu a tsakiya, ga kwazazzabai biyu da dole sai ka gangara ka hau. Sifirin ɗin baya ya riga ya gaji ya miƙe sambal, da na ɗora kaya sai gindin motar ya zauna kamar akuya mai ciki. Sau biyu ina barin matakalar gefe a kwazazzabo. Shi ya sa na yi odar kayan ɗagawa na inci biyu, wato milimita 50, na wani kamfanin Ostareliya, aka kawo mini ta Legas: shokazoba huɗu, sifirin mai murɗe na gaba, ɗaurin sifirin mai ganye na baya, bushin-bushin, da yubol sababbi guda huɗu.

Masu ce mini me ya sa ban kai inci huɗu ba tunda kuɗin zan kashe, amsar tana ƙafar gaba. A irin wannan ƙirar kowace tayar gaba ta Hilux da hannunta take motsi, kuma shaf ne ke kai mata ƙarfi. Iya yadda ka ɗaga, iya yadda shaf ɗin ke karkacewa, robarsa ta riƙa yagewa, boljoyin na sama ya riƙa aiki a ƙure. Kuma kada wani ya ruɗe ka, wannan ɗagawar ba ta ɗaga tulun aksil na baya ko da ɗan yatsa. Shasi da bodi ne ke tashi. Tulun nan taya ce kaɗai ke nisanta shi da ƙasa.

Na ce da kaina zan ɗaura. Akwai son a sani a ciki, ban musa ba, amma akwai kuma tsoron yaran gareji da guduma. Na yi makonni ina kallon bidiyo a YouTube, na aro sifana mai ma'auni, irin wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ƙarfin da aka saita, na sayi ƙafafun ƙarfe huɗu don ban yarda in shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ba.

Gaba shi kowa ya tsorata ni da shi, shi ne kuma bai ba ni wahala ba. Matse sifirin mai murɗe a kan shokazoba ban ma gwada a gida ba, na kai garejin da ke da injin matsewa aka haɗa mini cikin rabin awa. Abin nan idan ya kuɓuce ba ya tambayar sunanka. Da na saki hannun sama, na ɗaure kan ƙafar da igiya a jikin shasi don kada ta faɗo waje ta zaro shaf ko ta ja tiyon birki. Har wata dabarar da bakanikai da yawa ke tsallakewa na kiyaye: duk notin da ya ratsa bushin roba ban ƙarasa ɗaure shi ba sai da motar ta sauka ta tsaya da nauyinta, don idan ka ɗaure shi ƙafa na reto a sama, robar a murɗe za ta zauna, ba ta daɗewa za ta tsage. Na yi ta yi wa ƙanena lacca a kan wannan. Abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan yanzu. Na kiyaye mai wuyar, na zubar da wanda yaro ma zai iya.

Baya ya ci mana ranar Lahadi gaba ɗaya, saboda wani bol na gaban sifirin da tsatsa ta haɗe shi da bututun bushin, sai da muka yanke shi da injin gurza ƙarfe. Sauran aikin ƙarfi ne kawai. Muka sa ɗaurin sifirin, muka ja aksil da igiyar ɗaure kaya har kan santabol, bol ɗin da ke tsakiyar ɗaurin sifirin, ya faɗa raminsa, na ji ƙarar faɗawarsa da kunnena. Muka zura yubol biyu a kowane gefe, noti takwas ke nan. Na ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, har sifana ta yi ƙas a kan kowanne. Motata ba ta da ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, don haka tana da bawul ɗin nan na baya mai auna nauyin kaya ya ƙayyade ƙarfin birkin baya. Idan ka ɗaga mota ba ka gyara sandarsa ba, kullum gani zai yi motar ba komai a cikinta. Shi ma na gyara. Litinin na kai alaimen, na sa aka saita fitilun gaba. A ganina aiki ya ƙare.

Mako uku ina jin kaina. A bakin masallaci mutane na zagaya motar suna tambayar wane gareji, ina cewa garejin ƙofar gidana. Na je Kaduna na dawo, na je gona sau biyu ba kaya, kwazazzaban nan na wuce su ko taɓa ƙasa ban yi ba. Kilomita 500 ta zo ta wuce ban ko kalli agogon ba.

Kuma motar ta yi mini magana, ni ne ban saurara ba. A mako na biyu wata 'yar ƙara ta fara, ƙwas, idan zan tashi, da kuma ƙwas idan na taka birki. Na ce ƙofar bodin baya ce. Na naɗa mata roba, ƙarar ba ta daina ba, na ce to safaya ce ke motsi. Ranar da aka wanke motar na ga wani jan gari kamar na barkono a gefen farantin yubol na dama, na share da yatsa na ce jar ƙasa ce. Ba jar ƙasa ba ce. Ƙarfe ne ke gugar ƙarfe yana fitar da garin tsatsa, alamar abin da ya kamata ya zauna daram yana wasa. Da a ranar na ɗauko sifana, minti goma ya isa.

Ranar da abin ya faru mun ɗauko yuriya, buhu 14 masu kilo 50, kilo 700 ke nan, nauyi na farko na gaske da sabon sifirin ya gani. A kwazazzabo na biyu, ina sauri don in riga ruwa, tayar baya ta dama ta daki bakin wani dutse. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba, kamar an karya busasshen kara. Amma da muka hau tudu sai na ji sitiyari ya koma gefe, motar tana tafiya a karkace irin tafiyar kare, ga ƙaurin roba. Ƙanena ya leƙa ta taga ya ce, "Yaya, tsaya, tayar nan ba a wurinta take ba."

Na sauka na duba. Tayar ta ja baya ta manne da bodi, gefen ƙarfen ya yanke ta ya bar zare a waje. Wayar hambirki ta miƙe kamar tsirkiyar baka. Na kwanta a ƙasa na sa sifana a notin yubol na farko, da hannu ɗaya na juya shi, ya tafi sumul. Na biyu ma haka. Notunan da na ɗaure har suka yi ƙas. Ina kwance a wurin ruwan ya sauko.

Wani dattijon bakanike aka ɗauko mana a babur daga ƙauyen da ke kusa, mai gyaran tarakta da injin niƙa. Ya haska da tocilan, ya zaro guntun santabol ɗin da ya rage, ya ɗora mini a tafin hannu. Kaurinsa bai fi ɗan yatsana ba, ya yanke fes kamar da wuƙa.

"Alhaji, wa ya ɗaura maka wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Aikin ya yi kyau. Sai dai ba ka gama ba ka tashi."

Shi ya yi mini bayanin da bidiyo goma ba su sa na gane ba. Santabol ba shi ke riƙe aksil ba. Aikinsa ya haɗa ganyayen wuri ɗaya ya nuna musu mazauni. Abin da ke hana aksil motsi shi ne matsewar yubol. Sabon ɗaurin sifirin kuwa yana zuwa da fenti a tsakanin ganye da ganye, kuma ganyayen ba su gama kwanciya a kan juna ba. Da an fara tafiya fentin ya murƙushe, ganyaye su zauna, kaurin ɗaurin ya ragu da ɗan abin da ido ba ya gani. Notin bai juya ba ko kaɗan, amma abin da yake matsewa ya rame. Daga nan duk wani tashi da duk wani birki a kan ɗan siririn ƙarfen nan yake sauka, har ranar da ya gaji. Ya ce shi ko a tirelar tarakta ya sa sabon sifirin, sai ya ce wa mai ita ya dawo bayan kasuwa biyu.

A daren muka sauke taki cikin ruwa muka rufe da tamfol, amma buhu uku sun sha ruwa sun dunƙule. Da safe keken shanu ya ƙarasa da sauran gona, mai Hilux ɗagaggiya yana biye da shi a ƙafa. Baba ya ja aksil ya mayar, ya sa wani bol na wucin gadi, na lallaɓa zuwa Zariya kamar mai ɗauke da ƙwai. A can na sayi sabuwar taya, sabuwar wayar hambirki, santabol na gaske, da wasu yubol huɗu, don waɗanda suka sha wannan jijjigar ban ƙara yarda da su ba. Ramin mazaunin sifirin ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai, sai da mai walda ya cike aka sake hudawa. Sannan wani alaimen ɗin. Da na haɗa lissafi, ya ninka kuɗin aikin da na yi taƙamar na tsira da shi. Uwargida ba ta ce komai ba sai, "Ashe garejin ƙofar gida ma yana da tsada." Farfela, sandar da ke kai ƙarfin injin ga tayoyin baya, ita kaɗai Allah ya tsare, don da aksil ɗin ya ƙara ja baya za ta iya zarewa, kuma da a kan kwalta abin ya faru ina gudu, da wani labarin ake yi.

Idan ka tambaye ni ko zan sake yi da kaina, zan sake. Ɗagawar ta biya buƙata, damina ta ƙare ban bar ko ƙusa a kwazazzabo ba. Sai dai ka sani motar za ta ƙara kwanciya a kwana, dole ka rage ƙafa, kuma idan ka zaɓi sifirin na manyan kaya irin nawa, ranar da bodi ba komai ƙodarka za ta gaya maka. Waɗannan duk na yarda da su tun kafin in saya. Wanda ban yafe wa kaina ba shi ne layin nan na ƙasan takarda.

Yanzu akwai farin salatif manne a gefen agogon motar, na rubuta lambar kilomitar da zan koma ƙarƙashi. Kowane noti na ja masa layin farin fenti har kan faranti, da na sunkuya zan ga ko ya gusa. Bayan gyaran na duba a kilomita 100, na samu sun ɗan karɓa. A 500 suka sake karɓar ɗan kaɗan. Bayan lodin masara na farko na sake shiga. Asabar da ta wuce ma na shimfiɗa buhu na kwanta, na bi su ɗaya bayan ɗaya, takwas ɗin duka suka yi ƙas ba wanda ya motsa. Ƙanena yana tsaye yana dariya, wai ko na biyun ma takarda ce ta ce. Na ce masa ya miƙo mini tocila, akwai wani jan abu da nake gani a gefen hagu. Jar ƙasa ce.