Shekara uku a makarantar tauhidi

Ranar Lahadin da ta wuce na tsaya a gaban ikilisiyarmu a nan Maradi, na yi wa'azina na farko tun da na kammala karatun lisans, wato digirin farko, a fannin tauhidi. Da farko na zaci aikin bai wuce haddace ayoyi ba, sai ga shi an zaunar da mu muna koyon Helenanci da Ibrananci, harsunan asali na Littafi Mai Tsarki, da tarihin ikilisiya har da taron shugabannin ikilisiya da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325, da yadda ake fassara nassi ba tare da mutum ya ɗora masa son ransa ba. Helenancin nan ya ba ni wuya ƙwarai, amma shi ya nuna mini darajar waɗanda suka fitar da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932.

Abin da ya fi gyara ni, a ganina, shi ne watannin da na yi a wani ƙauye kusa da Tibiri, inda wani dattijon fasto ya koya mini sasanta ma'aurata da lissafin kuɗin baikon ikilisiya a gaban dattawa. Da labarin wa'azin ya kai masa, ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma ka rage tsawo."