Lauje a ƙasa

Yau da hantsi 'yan ƙwadagon da ke yankan shinkafa a gonar maƙwabcinmu, nan Talata Mafara, suka zubar da lauje suka koma gindin darbejiya. Wai sai an ƙara kuɗin yini, don ba ya sayen tiyar gero. Mai gona na ta kumfar baki. Wani dattijo a cikinsu bai ce uffan ba, sai murza goro yake da babban yatsa. Na ce, "Baba, har da ku?" Ya ce, "Ɗana, ƙasar nan da nake yanka wa wani, ubana ya nome ta tana tasa."

Nan jikina ya yi sanyi. Na tuna Afrilun 1980, lokacin da manoman da aikin madatsar Bakolori ya cinye wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane a Birnin Tudu. Har yau in ana maganar, manya kan sassauta murya. Mu kuwa ruwan da shinkafar muka taso muka gani. Ban taɓa tambayar gonar wa kwatar ruwan da ke shiga tamu ta ratsa ba.