Abin da ruwan kunne ya ci mana a karatun Auta

Tun Auta tana cikin tsumma aka shaida mana tana da lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita tana jinkirta masa girma da koyo, kuma abin da likitoci suka fi mayar da hankali a kansa shi ne zuciyarta, wanda kuwa daidai ne, tunda kusan rabin yaran da ake haifa da wannan lalura suna zuwa da matsalar zuciya. Aka yi hoto, Allah Ya sa lafiya lau. Zama da rarrafe da tafiya duk sun zo a makare saboda laushin jiki, amma sun zo, kuma da yake an riga an gaya mana haka za a yi, ba su tayar mana da hankali ba. Magana ce ta tsaya cik. Har yau idan na tuna tsawon lokacin da aka bar mu muna fama da yarinyar da ba ta jin mu sosai, alhali gwajin da zai nuna hakan bai fi na 'yan mintoci ba, sai raina ya ɓaci.

Na fara koyar da ita a gida ne saboda makarantun ƙananan yara da ke kusa da mu a Kano babu wadda ta nuna tana da shirin karɓar irinta, duk da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019. Da hantsi, bayan yayyenta sun tafi makaranta, nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗebo kofi da cokali da takalmi da murfin tukunya, in riƙa ɗaga kowanne ina faɗin sunansa. Duk abin da ya shafi ido da hannu nan da nan take kama shi: ta ware jajayen murafen kwalba daga shuɗɗa, ta jera kwanuka daga babba zuwa ƙarami, ta kwaikwayi alwala da ruku'u idan ta ga ina salla. Amma da zarar na ce "kawo kofi" ban nuna da hannu ba, sai ta tsaya tana kallona. Yau a kira ta daga zaure ta amsa, gobe a kira ta daga bayanta dab da ita ba za ta waiwaya ba. Wannan ne ya sa duk gidan aka yanke mata hukuncin taurin kai, har ma ana cewa ai dama an san su da shi.

Na sha faɗa wa ma'aikatan lafiya damuwata, a wurin rigakafi da kuma duk lokacin da mura ta kai mu asibiti, amsar kuma ba ta sauyawa: "Maman yarinya, ai haka suke, sai haƙuri." Wani ma ya tafa hannu a bayan kanta, ta juyo a firgice, ya ce mini to kin gani, tana ji. Wannan tafin shi ya fi komai cutar da mu, domin na dawo gida da shi a matsayin hujja, na kuma gaya wa Babanta cewa an duba kunnen. Yaron da ruwa ya taru masa a bayan dodon kunne yana jin tafi, yana jin buga ƙofa da rurin janareta. Abin da ke kuɓuce masa shi ne maganar yau da kullum, musamman baƙaƙe marasa ƙarfi irin su s da f da h da t. Sai daga baya na gane dalilin da ya sa Auta take kwaikwayon karin kalma daidai, hawa da saukar muryar duka, amma babu baƙaƙen a ciki: iyakar abin da ke isa gare ta ke nan.

Wata uwa da muka haɗu da ita a layin gashin ƙashi ce ta tambaye ni yaushe rabon da a auna wa yarinyar ji da na'ura. Ba a taɓa yi ba. A sashen kunne da hanci da maƙogwaro na wani asibitin koyarwa, sai da aka fara cire dauɗar da ta cunkushe mata kunnuwa, domin ramin kunnensu siriri ne, sannan aka sa na'urar da ke auna motsin dodon kunne, aka tarar duka biyun ba sa motsi yadda ya kamata. Likitan ya bayyana mana cewa hanyar da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci ƙunci gare ta a irin waɗannan yara, tsokar da ke buɗe ta kuma ba ta da ƙarfi, don haka ruwa mai kauri yake taruwa ya ƙi fita. Sau da yawa babu ciwo, babu zazzaɓi, babu mugunya, abin da zai sa uwa ta farga. Yana raguwa ya ƙaru, ya fi tsanani lokacin mura da ƙurar hunturu, wanda shi ne asirin amsa kira yau da ƙin amsawa gobe. Ya ce in toshe kunnuwana da yatsu ya yi mini magana, na toshe, na ji muryarsa kamar daga ƙarƙashin ruwa, ya ce haka take jin ki.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne sanin cewa wannan ba baƙon abu ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce matsalar ji tana iya shafar yara uku cikin huɗu masu lalurar Down, ƙungiyar likitocin yara ta can kuma ta tsara cewa a auna jinsu da haihuwa, a sake a wata shida, a ci gaba duk bayan wata shida har sai sun kai girman da za a iya gwada kowane kunne shi kaɗai, daga nan kuma duk shekara. Abu ne da yake a rubuce, amma babu ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka ce mini haka suke da ya ambace shi. Shekarun da yaro ke tara harshe su ne na farko, kuma a cikinsu Auta ta yi zaman toshewar kunne.

Aka ba mu wata uku a ga ko ruwan zai janye da kansa, bai janye ba, sai aka ba mu zaɓi tsakanin na'urar ƙara ji da ɗan ƙaramin bututun da ake sa wa a dodon kunne domin iska ta shiga. Muka zaɓi bututun. A makon farko har kuka take yi idan ana daka a maƙwabta, saboda ba ta saba da ƙarfin ƙarar ba.

Kunne ya buɗe, amma magana ba ta zubo ba, kuma a nan ne na sauya tsarin koyarwar gaba ɗaya. Yaran nan, ko da jinsu lafiya lau, sun fi riƙe abin da suka gani fiye da abin da suka ji, kuma doguwar jimla kafin a kai ƙarshenta farkonta ya gudu musu. Na daina cewa "je ki ɗaki ki ɗauko takalminki ki zo mu tafi gidan Hajiya", na koma "takalmi", in nuna, in yi shiru. Shirun nan shi ya fi wuya, domin yayyenta sun saba amsawa a madadinta, sai da na hana su. Idan aka ba ta kamar daƙiƙa goma, sau da yawa amsar tana zuwa. Rediyo da fanka ina kashe su lokacin darasi, in durƙusa fuskata ta yi daidai da tata, haske kuma ya kasance a kaina don ta ga leɓɓana.

Maganar hannu ce ta jawo mini ce-ce-ku-ce a gida. Kurame a ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni, kuma daga wata maƙwabciyarmu kurma na koyi alamomin ruwa da abinci da barci da zo da ya ƙare, ina yin alamar ina faɗin kalmar tare. Surukata ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, yarinya tana da baki za ki mayar da ita bebiya?" Na ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri ki ba ni lokaci kaɗan." Tsoronta ba na banza ba ne, amma masu binciken harshen yara sun nuna alama ba ta hana magana, tana ma share mata hanya, kuma haka muka gani: duk kalmar da bakinta ya iya, sai hannun ya sake ta. Jifa da kaya da birgima a ƙasa su ma suka ragu sosai, domin yanzu tana da hanyar cewa ƙishirwa take ji. Yau Hajiya da kanta take yi mata alamar shayi.

Daga nan na yanka kwalaye, na manna hotunan mutanen gida da kayan da take amfani da su, na rubuta sunan kowanne da manyan haruffa a ƙasa. Tun farkon shekarun 1980 mai bincike Sue Buckley da abokan aikinta a Portsmouth ta Ingila suka nuna cewa yara masu lalurar Down da dama suna iya gane kalma sukutum a rubuce tun suna shekara uku, kuma karatun yana jawo magana. Auta ta fara da haɗa kati da ɗan'uwansa, sannan zaɓo wanda aka ambata, sannan faɗinsa. "Baba" da "ruwa" da "kaza" ta fara karanta su kafin ta iya furta su sarai, kuma ina alfahari da wannan ƙwarai.

Tun daga lokacin ban ƙara yarda a jingina komai ga lalurar ba sai an gwada. Kasala da yawan barci da taurin bayan gida da ƙiba, waɗanda su ma ake cewa haka suke, suna iya zama alamar raunin ƙwayar maƙoshi, wato thyroid, da ake ganowa da gwajin jini, wanda ya kamata a yi musu duk shekara, haka ma a riƙa duba musu ido a kai a kai. Ina da littafin da nake rubuta ranar kowane gwaji, kuma ni nake ambata shi da bakina idan mun je, ba na jira a tuna.

Yanzu tana zuwa makarantar allo ta unguwa da yamma. Karatun can da kunne ake ɗaukarsa cikin amon yara masu yawa, wato ta inda ta fi rauni, don haka na roƙi Malam ya zaunar da ita kusa da shi, ya biya mata aya guda a gajarce tana kallon bakinsa, yana ɗora yatsanta a kan allon. Na kuma gaya masa labarin kunnen, saboda bututun yakan faɗo da kansa bayan wasu watanni, ruwan kuma yana iya dawowa. Shi ne ya aiko yayanta a makon jiya ya ce a gaya mini ta fara ƙin waiwayawa idan ya kira ta daga gefen hagu, na kuwa karɓo mata ranar gwaji kafin hunturu ya kankama.